Sanya maɓallan Facebook, Instagram da WhatsApp a shafin intanet na shago

Auta, Ƙofar Marusa

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin gina shafin intanet. Yayana yana da shagon huluna da shadda a Babbar Kasuwar Katsina, ni kuma nake kula masa da shafin da muka buɗe a Blogger, dandalin Google na buɗe shafukan intanet, inda muke sanya hotunan sababbin kaya da bayanin ɗinkinsu. Shagon yana Facebook da Instagram, akwai kuma lambar WhatsApp da ake ciniki ta kanta, amma wanda binciken Google ya kawo shi shafinmu ba shi da yadda zai san haka, sai dai ya kalli hotuna ya fita. Abin da nake so shi ne jerin ƙananan tambarin nan da ake gani a saman shafuka ko a ƙasansu, waɗanda mutum zai danna ya je ya bi mu.

Na ga akwai kamfanonin da ke ba da dogon rubutu a kwafa a liƙa, na kuma ga Facebook da kansa yana da akwatin da ke nuna yawan mabiya. Shin ɗayan waɗannan zan ɗauka, ko kuwa akwai gajeren rubutun HTML, yaren da ake gina shafukan intanet da shi, da zan iya yi da hannuna, in fahimci kowane layi nasa? Yawancin masu sayen kayanmu da waya suke shiga, wasu daga ƙauyukan da sabis ba shi da ƙarfi, wasu daga Maraɗi, saboda haka ba na son in ɗora wa shafin nauyi. Ni ma ba ni da kwamfuta, da waya nake duk aikin.

Malamin Kwamfuta, Filin Samji

Wa alaikumus salam, Auta. Ka rubuta da hannunka, domin maɓallin da kake magana a kai ba komai ba ne illa adireshin shafinku da aka yi wa ado. Ba shi ne ke sa mutum ya zama mabiyinku ba. Aikinsa shi ne ya kai shi ƙofar shafin, can ne zai danna ya bi ku idan ya ga dama. Ga layin da komai ya ginu a kansa:

`<a href="https://www.facebook.com/sunanshagonku" target="_blank" rel="noopener">Ku bi mu a Facebook</a>`

Abin da ke bayan href shi ne inda za a kai mai dannawa. Sashen target yana sa a buɗe Facebook a wani fegi daban, ta yadda shafinku zai kasance a buɗe idan mutum ya dawo, shi kuwa rel kariya ce da ke hana sabon fegin taɓa naku. Kalmomin da ke tsakanin alamar buɗewa da ta rufewa su ne mai karatu zai gani. Sai ka maimaita layin, kana canja adireshin da kalmomin kawai. Na Instagram shi ne instagram.com sannan sunanku, na TikTok da YouTube kuwa sai an sa alamar @ kafin sunan.

Abubuwa biyu ne suke kayar da ɗalibaina a nan, kuma dukkansu ido ba ya saurin kama su. Na farko shi ne barin https:// a farkon adireshi. Idan ka rubuta facebook.com kawai, burauza, wato manhajar buɗe shafuka irin su Chrome, za ta ɗauka wani fegi ne a cikin shafinku, sai ta haɗa adireshinku da na Facebook ta je neman abin da babu shi, mai saye kuma ya ga saƙon cewa ba a sami fegin ba. Na biyu shi ne alamomin zance. HTML yana son miƙaƙƙun nan guda biyu masu kama da juna, amma idan rubutun ya bi ta Word, ko allon rubutun wayarka yana gyara alamomi da kansa, sai su koma lanƙwasassu, maɓallin ya fito daidai a ido amma ya kai mutum wani wuri. Ka faɗaɗa allon wayar ka dube su ɗaya bayan ɗaya kafin ka adana.

Na WhatsApp yana da tasa ƙa'idar. Ana rubuta https://wa.me/ sannan lambar a tsarinta na ƙasa da ƙasa, wato 234 a farko, a cire sifilin da ke gaban lambar, ba alamar tarawa, ba tazara. Tunda kuna da masu saye a Maraɗi, inda lambar ƙasarsu 227 ce, wannan ya sauƙaƙa musu, domin ba sai sun adana lambarku ko sun tuna ƙara 234 ba.

Inda za ka liƙa shi a Blogger: manhajar waya ta rubuta labari ce kawai, don haka ka buɗe blogger.com a Chrome, ka zaɓi a nuna maka fasalin kwamfuta, ka shiga Layout, ka danna Add a Gadget, ka ɗauki HTML/JavaScript. Ka lura da gurbin da za ka ajiye shi. A sababbin fasalolin Blogger irin su Contempo da Soho, abin da aka sa a gefe yana ɓoyewa bayan layukan nan uku idan an buɗe da waya, kuma mai neman hula ba zai je can ba. Gurbin da ke ƙasan sunan shafin ko na can ƙarshen fegi ya fi.

Yaya Mai Zanen Shafi, Daura

Bayanin Malam ya wadatar ta fuskar adireshi. Zan ƙara kan kamannin maɓallin, tunda ƙanena tambari ya ce yana so, ba rubutu tsurarsa ba.

Yawancin darussan da za ka tarar za su ce ka jawo Font Awesome, wato tarin dubban alamomi da ake ɗorawa a matsayin salon haruffa. Ban ba ka shawarar haka ba. Mai shiga shafinku zai sauke kaya masu yawa saboda alamomi uku, alhali kowa ya ji a jikinsa tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025. Bayan haka, Opera Mini, wadda mutanenmu da yawa ke amfani da ita don rage cin data, ba ta sauke irin waɗannan haruffa idan tana kan matsanancin tsimi, sai mutum ya ga ƙananan akwatuna fanko a inda tambari ya kamata ya fito. Tsofaffin darussan kuma sigar 4.7 ta 2016 suke bayarwa, wadda babu TikTok ko X a cikinta.

Hanya mai sauƙi ita ce ƙaramin hoto. Kowane ɗaya daga kamfanonin nan yana da fegin da yake ba da tambarinsa, da sharaɗin kada a sauya masa launi ko siffa. Ka sauke, ka rage girmansa, ka ɗora shi a wani rubutun Blogger da ba za ka wallafa ba, ka kwafi adireshin hoton, sannan ka sa wannan a madadin kalmomin da ke tsakiyar layin Malam:

`<img src="adireshin-hoton" alt="Shagonmu a Facebook" width="48" height="48">`

Kada ka raina sashen alt. Idan sabis ya yi rauni hoton bai sauka ba, waɗannan kalmomi ne za su tsaya a gurbinsa, kuma su ne TalkBack ke karanta wa makaho mai amfani da Android. Lambar 48 ɗin, wato faɗi da tsayin hoton a kan allo, ita ma ba kara zube na sa ta ba: ita ce mafi ƙarancin girman da Google ke ba da shawara ga abin da za a taɓa da yatsa, Apple kuwa 44 ya ce. Ka bar tazara tsakaninsu, domin dattijon da ya nufi WhatsApp ya tsinci kansa a Instagram ba lallai ya sake gwadawa ba.

A ra'ayina ma, ga masu sayen huluna, maɓalli mai launi da kalmomin Hausa ya fi tambari kaɗai, kuma ba ya buƙatar hoto ko ɗaya:

`<a href="https://wa.me/234XXXXXXXXXX" style="display:inline-block;padding:14px 18px;margin:6px;background:#25D366;color:#000;border-radius:6px;text-decoration:none">Yi mana magana ta WhatsApp</a>`

Wannan koren shi ne na WhatsApp. Na sa rubutun baƙi da gangan, saboda fari a kan koren nan mai haske yana ɓacewa idan mutum yana tsaye a rana tsakiyar kasuwa.

Game da kamfanonin da ke ba da rubutun kwafa-ka-liƙa, tarihi ya isa darasi. AddThis yana cikin mafi shahara a wannan fanni, amma Oracle da ya mallake shi ya rufe shi a ƙarshen Mayun 2023, maɓallan da ke dogara da shi suka daina aiki. Google+ ya mutu a 2019 da nasa maɓallan. Mu a nan ma mun ga lokacin da gwamnati ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, akwatunan da ke jawo saƙonninsa suka daina fitowa ga masu shiga daga Najeriya. Layin da ka rubuta da hannunka ba ya jiran izinin kowa kafin ya bayyana, kuma ranar da wani dandali ya canja suna, kamar yadda Twitter ya koma X a 2023, gyaran kalma biyu ne.

Alhaji Ɗan Daura

Ni ba masanin HTML ba ne, ɗan kasuwa ne mai sayar da kaya ta waya, kuma ina da ja a kan watsi da akwatin Facebook baki ɗaya. Wanda yake Legas ko Yamai zai tura kuɗin hula tun bai riƙe ta a hannu ba, abin da yake nema shi ne alamar cewa shagon nan na gaske ne. Ganin yawan mabiya da hoton da aka sa jiya yana kwantar masa da hankali fiye da tambari mai kyau. Kada tsoron nauyi ya sa yaron nan ya rasa ciniki.

Sannan, ɗana, kada ka jera dandalin da ba ku kula da shi don dai jerin ya yi tsawo. Wanda ya danna ya tarar da rubutun ƙarshe na Babbar Sallar bara ne zai ɗauka shagon ya rufe. Uku da kuke amsa saƙonninsu sun ishe ku.

Malamin Kwamfuta, Filin Samji

Maganar Alhaji ta biyu babu ja a kanta. A ta farko kuwa, ranka ya daɗe, yawan mabiya ya rage daraja a matsayin shaida tunda ana sayensu da kuɗi, kuma 'yan damfara sun fi kowa sanin haka. Akwatin yana jawo rubutun JavaScript, wato umarnin da burauza ke aiwatarwa, daga Facebook duk lokacin da aka buɗe fegin, sannan yana sanar da kamfanin cewa wannan waya ta ziyarci shafin ko da mai ita bai danna komai ba, abin da mai shafi ya kamata ya yi la'akari da shi tunda Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Idan Auta yana son sa, to ya sa shi a fegi ɗaya da ke bayanin shagon, tare da adireshinsu a kasuwa da hoton gaban shago, ya bar sauran fegogin da maɓallai marasa nauyi. Mai son tabbatarwa zai je can da kansa.

Akwai kuma wata fa'ida da ta shafi amanar da Alhaji ke magana a kai. Ana yawan buɗe shafin bogi da sunan shago da hotunan kayansa don karɓar kuɗin mutane. Maɓallin da ke shafinku shi ne zai nuna wa mai saye wanne ne naku na ainihi, saboda haka ku sa adireshin shafin intanet ɗin a bayananku na Facebook da Instagram, kowanne ya riƙa nuna ɗan'uwansa. Ranar da kuka canja sunanku a Instagram, a ranar za ku gyara maɓallin, domin tsohon sunan yana iya faɗawa hannun wani.

Auta, Ƙofar Marusa

Allah ya saka muku da alheri, Malam, Yaya da Alhaji. Na sa uku masu launi a ƙasan sunan shafin, na gwada da Chrome da Opera Mini, na kuma sa Yayana ya danna daga tasa wayar, duk sun kai inda aka nufa. Tambaya ɗaya ta rage. Na WhatsApp yana buɗe hira ne kawai, ba bi ba ne kamar sauran. Akwai yadda mutum zai riƙa ganin sababbin kaya ta can? Kuma ana iya sa saƙon farko ya rubuta kansa, don mu san daga shafin mutum ya zo?

Yaya Mai Zanen Shafi, Daura

Duka biyun suna yiwuwa. Domin bi, sai ku buɗe tashar WhatsApp, tsarin da kamfanin ya fito da shi a 2023. Tasha tana da nata adireshin da ke farawa da whatsapp.com/channel, za ka kwafe shi daga cikin manhajar ka yi masa maɓalli na huɗu da irin layin nan. Masu bin tashar ba sa ganin lambobin juna, wanda hakan ya fi zauren hira na WhatsApp (group) daɗi ga matan da ba sa son lambarsu ta yaɗu. Ka bambanta kalmomin maɓallan biyu sarai, ɗaya na magana, ɗaya na ganin sababbin kaya.

Domin saƙon farko, ka ƙara ?text= a bayan lambar, sannan kalmomin, kana sa %20 a duk inda tazara take:

`https://wa.me/234XXXXXXXXXX?text=Salam,%20daga%20shafinku%20nake,%20ina%20son%20hula`

Saƙon zai fito a gurbin rubutu, mai sayen ne zai danna aikawa, yana kuma iya goge shi ko ya ƙara. Idan jimlar tana da harafi mai lanƙwasa, ya fi aminci ka rubuta shi da lambarsa, wato %C6%99 a madadin ƙ, %C9%97 a madadin ɗ, %C9%93 a madadin ɓ. Alamar da ke gaban kalmomi irin su 'yan ko 'ya'ya ita ma ka mayar da ita %27, domin a cikin rubutun fasalin Blogger da irinta ake buɗe adireshi a rufe shi, kuma tana iya yanke shi a tsakiya.