Abin da muka tattara kan ciwon idon tsofaffinmu a Tawa

To ƴan uwa, mahawarar da muka yi kan ciwon idon tsofaffinmu ta yi tsawo amma kowa ya yarda da abu guda, tsohon Yamai da tsohon ƙauyen Abalak ko Keita ba ɗaya suke ba, don yawancin lokotorin ido a Yamai suke, daga Tawa kuwa sama da kilomita 500 ne ga kuɗin mota ga masauki ga wanda zai yi rakiya ya bar gona.

Shawarar da aka fi nanatawa ita ce a bambance yanar ido da hawan jinin ido. Yanar ido dai aiki ake a cire, a sa ƙwayar roba mutum ya koma gani. Hawan jinin ido kuwa shi ne mugu, ba ciwo ba ƙaiƙayi, daga gefe yake cin gani, sai ka ga baba yana tuntuɓe da buta a ƙofar ɗaki ana cewa tsufa ne kawai, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Shi ya sa aka ce in an wuce shekara 40 a je a auna, balle mai ciwon suga ko wanda akwai shi a dangi.

Masu soke yanar ido da allura a kasuwa kam kowa ya ce a guje su, ni ma haka na gani. Haka maganin ɗigawa na tebur.

Wanda gashin ido ke shigar masa ciki a daina cire masa da matsefata, a kai shi likita a gyara fatar. Kuma a riƙa saurarar rediyo don sanarwar aikin ido na kyauta, a yi sammako don layi na cika da wuri.