"Shirin zaune ya fi na tsaye": wai har da marubuta?

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya muka yi sa-in-sa da yayata shi ne na ce bari in kawo nan. Ina da wani littafin 'yan makaranta da nake jera komai a ciki, gaba na labarina ne, sunan kowa da shekarunsa, wa ya haifi wa, me zai faru a babi na kaza, baya kuma na gida ne, cefane, wanki, kai yara islamiyya, sai taifin feji biyu bayan isha. Yaya ta buɗe ta ce wannan ai lissafin dokin Rano ne, na ce mata shirin zaune ya fi na tsaye, sai ta ce in daina jawo karin magana inda ba wurinta ba, ita wannan ta sulhu ce. Don Allah waye da gaskiya?

Ɗan Fagge: Wa'alaikis salam. Yayarki ta fi ki kusa gaskiya. Ni duk inda na ji ta rigima ce ta taso, gona ko gado ko aure, dattawa su ce a zauna a kashe wutar tun ba a tsaya gaban alƙali ba. Ban taɓa jin an faɗe ta a kan biro da takarda ba.

Gimbiyar Alƙalami: Haba malam, to "ba a fafe gora ranar tafiya" fa, ita ma ta masu gora ce kawai? Ni ina bayan Maman Biyu. Duk mai sakin labari kullum a guruf na WhatsApp ko Wattpad ta san abin da ake nufi, kina feji na 60 masu karatu su tuna miki ai kin kashe kawun nan tun feji na 12 ya aka yi ya zo ɗaurin aure, kuma wallahi ba sa mantuwa. Lis ne ke hana wannan. Ko Hikayata, gasar gajerun labarai ta BBC Hausa da aka fara tun 2016, kalma 1,500 ce iyaka, in ba ki zauna kin jera abin da zai shiga da wanda za ki bari ba kafin ki gama gabatar da kishiya kin cinye rabi.

Baban Gida: Lis ai ba laifi, mu a mazaɓarmu akwai wanda ya zo da nasa har da lamba, asibiti, titi, ruwan famfo, cikin kwana ɗari. Yanzu zango na biyu yake nema, lis ɗin nan dai ya sake bugawa ya canza hula a hoto 😂

Ɗan Fagge: Shi kam shirin kwance ya yi.

Hajiyar Zinder: Kun tuna min da kakata Allah ya jiƙanta. Ba ta san boko ba, ajamin ma sai dai a karanta mata, amma ita ce uwar adashin unguwarmu kuma tana ƙuli-ƙuli. Bayan ƙyauren ɗakinta duk zanen gawayi ne, kowace mace da layinta, ta zubo a ja mata sanda ɗaya, ta kwasa a ja a gicciye. In za ta kasuwa kuma sai ta yi ƙulli a bakin zaninta, ƙulli ɗaya abu ɗaya, gyaɗa, kanwa, gishiri, zaren saƙa, ta sayi abu ta kwance nasa, ba ta juyowa gida sai bakin zanin ya miƙe. To wata shekara gab da sallah tana can ƙauye gaisuwar mutuwa kawuna ya sa aka yi wa ɗakin sabon yaɓe don ya faranta mata, har bayan ƙyauren aka shafe tas. Ta dawo ta tsaya tana kallo ba ta ce masa uffan ba. Da yamma ta tara matan, ta zauna ta zano wa kowa nata da ka, wance zubi bakwai, wance tara da bashin sati ɗaya, babu wadda ta musa. Ni ina gefe ina riƙe da gawayin ina ja mata sabo. Kuma dare ya yi ta ba mu tatsuniya kamar ba abin da ya faru, ba ta taɓa haɗa farkon wata tatsuniya da ƙarshen wata ba.

Gimbiyar Alƙalami: Allah ya jiƙan Kaka. Kun gani ko, ita ma lis take yi.

Ɗan Fagge: A'a, ni abin da na gani lis ya goge kai ya riƙe. Yanzu waya ta faɗa ruwa da Google Keep ɗinku, manhajar ajiye lis, a ciki a ga wa zai zano babi biyar da ka.

Mai Shayi: Keep ai yana cikin imel ɗinka, ka sayi wata wayar ka shiga ka same shi. Ni matsalata da masu lis su jera abu ashirin na rana ɗaya, alhali taura biyu ba ta taunuwa. Uku sun isa, in ka gama ka ƙara.

Baban Gida: Hajiya don Allah kawun naki yana nan? Akwai ofishin da in an zo binciken kuɗi sai an nemi mai yaɓe irinsa 😂

Hajiyar Zinder: Ka bar kawuna, da zuciya ɗaya ya yi, har ya rasu yana jin nauyin abin.

Maman Biyu: To ni yanzu me zan ce wa Yaya? Ta ce anjima za ta leƙo ta ga ko na yi feji biyun jiya, kuma ɗaya da rabi na yi aka ɗauke wuta caji ya ƙare.

Mai Shayi: Ki rubuta "saka caji" a saman lis ɗin. Wai ni dokin Ranon nan ma, an saye shi kuwa daga ƙarshe? Akwai ɗan Rano a nan?