Na daina tiramol, amma na rasa yadda zan yi da kaina

Telan Kurna ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ni tela ne, ɗinkin maza nake yi, mu uku muke haya a shago ɗaya. Aikin Sallah ne ya haɗa ni da tiramol. Duk wanda ya san sana'armu ya san goman ƙarshe na azumi: yadi ya taru har ya rufe tebur, kowa na rantsuwa shi ya fara kawowa, wuta kuma sai tsakar dare ake kawo ta. Wani abokin aiki ya gutsuro min rabin ƙwaya, ya ce zan kwana a kan keke ban ji bayana ba. Haka kuwa aka yi. Sallah ta wuce, ni ban ajiye ba. Daga 'yar miligiram 100 na koma mai 225, har ta kai ba don ɗinki nake sha ba, sai don in iya tashi daga katifa.

Bayan babbar Sallar bara na daina, likita ne ya riƙa rage min a hankali. Gudawa, gumi, ciwon gaɓoɓi, rashin barci, duk na sha su sun wuce, alhamdulillahi.

Abin da ba wanda ya gaya min shi ne abin da ke biyo baya. Yanzu a ido lafiyata ƙalau, har na yi ƙiba, amma ba abin da ke yi min daɗi. In na ɗan taka keke sai in ji na ƙosa. Kwastoma ya ɗaga min murya a kan wuyan riga, sai in yini zuciyata na tafasa. Da can in aka ɓata min rai na san inda zan nufa. Yanzu wallahi ban san me sauran mutane ke yi da ɓacin ransu ba. Bayan isha'i, lokacin da na saba zuwa majalisa, sai in zauna a ɗaki ina latsa waya har barci ya ɗauke ni. Hajiyarmu kuma har gobe in na shiga ɗakinta sai ta tura jakarta ƙarƙashin filo. Ba ta cewa komai, amma ina gani.

Waɗanda suka bi ta nan, me kuka yi da kanku bayan kun daina? Addu'a ina yi, don Allah kada a tsaya a nan.

Anti Nas ta amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Sannu da ƙoƙari. Abin da kake ji sananne ne a wajenmu ma'aikatan jinya. Tiramol dangin su kodin ce, kuma ban da kashe ciwo tana taɓa sinadaran da ke daidaita walwala a ƙwaƙwalwa. Shekaru ana ba ƙwaƙwalwa jin daɗi daga waje, sai ta rage yin nata. Jiki kan warware cikin makonni, ita kuwa walwala takan ɗauki watanni kafin ta dawo. Motsa jiki da barci a kan lokaci suna taimakawa ƙwarai, ko da tafiyar ƙafa ce bayan asuba.

Amma in ƙuncin ya yi nauyi, ko ka fara jin gara a ce ba ka raye, kada ka jira ranar da aka ba ka, ka koma wajen likitanka. A Kano akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da asibitin Malam Aminu Kano, a Kaduna akwai na Barnawa, Sakkwato akwai na Kware. Sannan ka riƙe wannan: jikinka ya manta da 225. Wanda ya daina ya koma ya sha adadin da ya saba, shi ne yake faɗuwa yana jijjiga, wani numfashinsa ya tsaya. Masu karantawa da ke shan ƙwayoyin sa barci irin su roci ko diyazefam kuma, kada ku yanke rana ɗaya ku kaɗai, yana iya tayar da farfaɗiya.

Baban Khalifa ya amsa:

Malam tela, ni kodin na sha, kuma na girme ka a harkar. Lokacin da gwamnati ta hana shigo da maganin tari mai kodin da haɗa shi a 2018, bayan rahoton da BBC ta yi a kan yadda matasa ke shan sa, kwalba ta yi tsada ta yi wuyar samu. Ka san me majalisarmu ta yi? Ba wanda ya shiryu. Wasu suka koma ƙwaya, wasu wiwi. An ɗauke kwalbar, mutanen suna nan yadda suke.

Ga abin da na fahimta. Tun ranar da mutum ya fara sha, wani ɓangare na girmansa ke tsayawa. Sa'anninka sun yi shekaru suna koyon haɗiye fushi, jiran kuɗi, zama da gundura, ba wa mutum haƙuri ido da ido. Kai duk lokacin da darasin ya zo sai ka sha abu ka tsallake shi. To yanzu darussan sun taru suna jiranka kamar yadin Sallah, kuma ba rabin ƙwayar da za ta kwana da kai. Ɗaya bayan ɗaya za ka ɗinke su.

Ni abin da na fara yi, na sayi littafin rubutu na jera duk wanda na ci wa kuɗi, har mai shayi. Da na samu ɗan canji sai in biya mutum ɗaya in soke sunansa. Ban taɓa jin na zama mutum ba sai da na ga shafin ya fara cika da layi. Na sauya hanyar da nake bi zuwa gida don kada in gifta ta majalisa, kuma na shiga makarantar dare, saboda awannin bayan isha'i su ne masu haɗarin, ka faɗa da bakinka.

Batun Hajiya, kada ka ce mata ka canza. Ta sha jin wannan. Duk Juma'a ka ajiye mata kuɗin cefane komai ƙanƙantarsa, kada ka tsallake. Jakar ita za ta fito da ita da kanta, amma ba bana ba wataƙila.

Ɗan Gwarzo ya amsa:

Kai dai a yi maka aure kawai. Zaman gwauranci ne ke damunka.

Maman Ilham ta amsa:

Ɗan Gwarzo, ka ji tsoron Allah. 'Yar mutane ba asibiti ba ce. Haka aka yi wa yayana, aka ce in ya ga iyali zai nutsu, ƙarshenta matar ta koma gidansu da goyo. Kafin nan ma an kai shi gidan mari, irin waɗanda 'yan sanda suka fasa a Rigasa da Daura a 2019, ya fito da tabon sarƙa a ƙafa, bai yi wata ba ya koma. Abin da ya riƙe shi daga baya shi ne wani kafinta da ya ɗauke shi aiki ya kuma damƙa masa yara biyu ya koya musu. Ya ce kunyar yaran su gan shi a buge ta fi duka tasiri a kansa. Malam tela, ba ka da yaron shago ne?

Telan Kurna ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Maman Ilham, akwai ɗan maƙwabcinmu da ya gama sakandare yake ta naci in koya masa yanka, ni nake kaucewa don ina ganin ban isa a ce ni ne ogan wani ba. Zan kira shi.

Baban Khalifa, littafin bashin nan ya tsorata ni, don nawa ba kuɗi kaɗai ba ne, akwai shaddar mutane guda biyu da na sayar na ce ɓarayi sun fasa shago. Ɗayan ya rasu. 'Ya'yansa zan nema, ko sadaka zan yi masa?

Sai kuma babbar matsalar: wanda ya fara ba ni ƙwayar har yanzu kekensa na kusa da nawa, kuma azumi na ƙaratowa. Kuɗin kama wani shagon ba ni da shi. Na yi tunanin in rage karɓar ɗinki bana, in rufe karɓa tun farkon Sha'aban, ko da kwastomomi za su gudu. Akwai telan da ya taɓa gwada haka a nan?