nginx -t ya ce komai lafiya, amma sabar ta ƙi tashi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin Nginx, manhajar da ke miƙa shafukan intanet ga masu ziyara, ku taimaka mini.

Ina da saba (server, kwamfutar da ke ɗauke da shafukan) mai tsarin aiki na Ubuntu 22.04. Na ƙara sabon fayil na saitin shafi a /etc/nginx/sites-available, na haɗa shi da sites-enabled. Kafin in sake kunna Nginx na buga sudo nginx -t, umarnin gwada saitin, ya ba ni "syntax is ok" da "test is successful". Amma ina yin systemctl restart nginx don in kashe in sake kunnawa sai ta mutu murus, shafukan da ke aiki a da ma duk suka sauka.

A error.log, fayil ɗin da ke adana kurakurai, ga abin da ya fito: bind() to 0.0.0.0:80 failed (98: Address already in use).

Na zaci Apache, wata manhaja mai aiki irin na Nginx, ne ya riƙe ƙofa ta 80 (port 80, inda masu ziyarar shafi ke shigowa), na tsayar da shi, har yanzu jiya i yau.

To shin nginx -t rubutun fayil kawai yake dubawa, ba ruwansa da ko ƙofa tana hannun wani? Ta yaya zan gano wanda ya riƙe ta? Kuma da reload (sake karanta saitin ba tare da kashewa ba) na yi maimakon restart, da tsofaffin shafukan sun tsira? Mai shafin sai kira yake yi.