Binciken jami'o'i kan gini mai rage shan wuta, zai iso gidajen hayarmu kuwa?

Ɗan Hindawiyya:
Assalamu alaikum jama'a. Ƙanina ya zo hutu yana ta ba ni labari wai jami'o'i da kamfanoni a nan Saudiyya sun haɗa kai suna bincike kan gini mai wayo, wanda da kansa zai rage mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, in ba kowa a ɗaki, ya kashe fitila. Ni kuma faturar wuta, wato bil ɗin lantarki, ta watan Agusta ta tayar min da hankali wallahi, mukayyif uku ne duk na shubbak, wato na taga, muna hawan ƙarshe, da la'asar in ka dafa bango kamar ka dafa tanda. Don Allah abin nan da gaske ne? Kuma akwai abin da zai iso wa irinmu masu haya?

Ɗalibi a Zahran:
Wa alaikumussalam yaya. Da gaske ne. Jami'ar KAUST da ke Suwal arewa da Jidda, wadda aka buɗe a 2009, kamfanonin Aramco da SABIC duk suna da wuraren bincike a cikinta, mu ma nan kusa da jami'ar KFUPM akwai Dhahran Techno Valley inda kamfanoni ke zaune jikin jami'a. Yadda abin yake, malamai da ɗalibai ke da lab da lissafi, kamfani ke da kuɗi da ainihin ginin da za a gwada, don abin da ya yi aiki a lab ba lallai ya jure ƙura da zafin nan ba. Misali NOMADD, na'urar share ƙurar faifan sola ba tare da ruwa ba, daga KAUST ta fito ta zama kamfani. Wayon ginin kuma ba wani tsafi ba ne, ƙananan na'urori ne masu auna zafi da motsin mutane, su aika wa kwamfuta, ita kuma ta daidaita sanyin. Amma gaskiya manyan gine-gine ake fara yi wa, kamar yadda Tarshid, kamfanin rage shan wuta da aka kafa a 2017, ke bin gine-ginen gwamnati da fitilun titi.

Mai gyaran mukayyif, Sabil:
Ɗana ka yi bayani mai kyau Allah ya ƙara basira, amma bari in faɗi abin da nake gani kullum. Ko wace irin na'ura ka liƙa a ɗakin da rufinsa ba azil, wato abin da ke tare zafi, ɗiban ruwa da kwando kake, zafi na sauka ta sama kwamfireso ba zai huta ba. Malam ka yi lissafi, tun 2018 kilowat ɗaya halala 18 ne (halala 100 ke riyal ɗaya) har zuwa kilowat 6000 a wata, in ka haura ya koma 30. Tsohon na shubbak yana jan wajen kilowat 2 a awa, in ya yi awa 15 kullum 900 ke nan a wata, riyal 162 shi kaɗai kafin a ɗora haraji, kai kuma uku gare ka. Abin da ke ci min rai shi ne bango na mai gida ne, fatura ta ɗan haya ce, to me zai sa mai gida ya kashe kuɗinsa? Da ma masu binciken su zo tsofaffin unguwanninmu su auna gida goma kawai su ga yadda ake kwana. Kafin nan wanke filta duk sati biyu, toshe ɓarakar gefen mukayyif ɗin, ka bar shi a digiri 24, in za ka sake saye duba takardar hukumar ingancin kaya ta SASO da ke jikinsa, mai nuna yawan wutar da yake sha.

Hajiya ta Madina:
Ni ban san lissafinku ba ƴaƴana, amma lemomin nan 250 na harabar Masallacin Annabi (SAW) kullum ina ganin amfaninsu, inuwa kawai suke yi amma ka ji bambanci. Mu yadin rumfa muka ɗaura a saman soro, ɗakin sama ya yi sauƙi sosai.

Ɗan Hindawiyya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba mai gyara, rabona da wanke filta tun kafin azumi, yau zan cire su. Hajiya zan tuntuɓi mai gidan kan maganar rumfar, in ya yarda ni zan sayi yadin. Ɗalibinmu na Zahran, in malamanku na neman gidan da za su auna, ga namu a buɗe.