Alkamar jirgi ko dawar Gadarif: wace ce ta fi riƙe mu a Sudan?

Mai sayar da fulawa, Bur Sudan: Assalamu alaikum jama'a. Ni har gobe ina kan bakana, hanyar alkamar waje ta fi ta dawa tsari. Jirgi ya taso daga Rasha ya sauke a tasha, injin niƙa ya karɓa, gidan burodi ya gasa, shi ke nan. Buhun dawa kuwa sai ya bi hannun manomi, dillali, mai sito da mai mota, kowa ya ɗora ribarsa, ƙwari ma su ci rabonsu.

Manomi, Gadarif: Wa alaikumus salam, Alhaji. Lissafin lokacin zaman lafiya kake mana. Tsarin da kake yabo ƙofa ɗaya gare shi, tashar Bur Sudan, manyan injinan niƙa kuma a Bahri, wato Khartoum ta Arewa, aka tara su. Da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, ba tsayawa suka yi ba? Wanda ya binne dawarsa a matmura, ramin ajiyar hatsi, bai jira jirgi ba. Share ƙasa ya yi, ya buɗe bakin rami, ya auna wa iyalinsa.

Mai kisra (wainar dawa mai faɗi), Maiwurno: Alhaji, arhar burodin ma tallafin gwamnati ne ya riƙe ta. Ka tuna Disambar 2018, da burodi ya tashi daga fam 1 zuwa fam 3, daga garin Atbara zanga-zanga ta kama. Ni ƙullun da na kwaɓa jiya da dare shi nake shafawa a tanda da asuba, dala ba ta shiga tsakanina da shi.

Direban babbar mota: Hajiya, a yi haƙuri, tana shiga. Gonakin Gadarif tarakta ke nome su, man gas ɗin kuma da dala ake sayo shi, ta Bur Sudan yake zuwa. In babu mai a farkon damina, shuka ta makara. Sannan da birnin Wad Madani ya faɗi a yaƙin a Disambar 2023, hatsi yana jibge a gabas, masu buƙatarsa suna can ƙetare, hanya a toshe. Hatsin da ba ya motsi bai ciyar da kowa ba.

Manomi: Wannan gaskiya ne, ƙanina. Amma dawa ko a amalanken jaki tana isa ƙauye na gaba. Alkama fa?

Mai sayar da fulawa: To ku ba ni ma'auni. Ni da kuɗin buhu nake awo.

Direba: A haɗa da kwanaki, Alhaji. In aka rufe hanya yau, kwana nawa kasuwar garinku za ta ci gaba da auna hatsi, kuma akwai wata hanyar da mota za ta zaga?

Mai sayar da fulawa: Ajiyar kwanakin nan kuɗi ce kwance a sito. Wa zai biya, ni ko mai saye?

Mai kisra: Mu dai muke biya, Alhaji, ko an ajiye ko ba a ajiye ba. Gara in biya tun hatsin yana kusa da ni.