Haifaffun waje ko haifaffun ƙetare?

Jama'a, ku kawo ɗauki. Ina shirya bayani kan ƙidayar jama'a da za a karanta a rediyo nan Garwa ta Kamaru, sai na ci karo da "population née à l'étranger", wato mutanen da ke zaune a ƙasa alhali a wata ƙasar aka yanke musu cibi. Kwana biyu ke nan ina juya ta.

Da fari "baƙi" na rubuta. Ina karanta wa kakata Hajiya, sai ta ajiye carbi ta ce, "Ɗan nan, ni ce baƙuwar?" A Mubi ta Najeriya aka haife ta, aka kawo ta Garwa amarya tun zamanin Ahijo, shugaban Kamaru na farko. 'Ya'ya tara ta haifa a nan, ga katin ɗan ƙasarta ƙunshe a leda cikin adaka. An yi ƙidayar 1976 tana nan, ta 1987 da ta 2005 duk tana nan, kuma a lissafi cikin wannan rukunin take, domin wurin haihuwa ake dubawa, ba takarda ba. Baƙo raɓa ne, in ji Bahaushe. Wace raɓa ce ke shekara hamsin ba ta bushe ba?

"'Yan gudun hijira" ta yi ƙunci. Tun 2013 aka buɗe sansanin Minawawo kusa da Mokolo, yaran da aka haifa a cikinsa 'yan gudun hijira ne, amma a Kamaru suka faɗo duniya, ba su cikin wannan adadin. Ɗan ci-rani da damina yake komawa gida. "Baƙin haure" kuwa zagi ne, a bar ta.

Abin da ya sa na nace shi ne, adadin nan hawa da sauka yake yi, kuma kalmar da ba ta dace ba za ta ɓoye dalilin. Ku dubi Amurka: a 1890 kusan kashi 15 cikin ɗari na jama'arta a wata ƙasa aka haife su. Aka tsuke ƙofa da dokar 1924, zuwa 1970 ya faɗi ƙasa da kashi 5. Ba tattarawa duk suka yi suka koma ba. Tsofaffi ne suka yi ta rasuwa, 'ya'yansu kuma ba a sa su a lissafin. Bayan dokar 1965 da ta sassauta ƙofar, adadin ya sake hawa. A Cadi kuwa ba a hankali abin ya zo ba, yaƙin Sudan na Afrilun 2023 ya kwararo da mutane garin Adare da ke kan iyaka cikin 'yan watanni.

Wani malamin makaranta daga Marwa ya ba ni "haifaffun waje", bisa yadda muke cewa haifaffen Kano, haifaffen Ngaundare. Ginin ya yi. Amma Malam, Allah ya gafarta, ka je ka ce wa mutum a kasuwa shi haifaffen waje ne, ka ga ko ba zai ji kamar ka taɓa auren iyayensa ba.

Don haka na karkata ga "haifaffun ƙetare". Tilo: haifaffen ƙetare, haifaffiyar ƙetare. "Yawan haifaffun ƙetare ya ƙaru" tana zama a baki ba tuntuɓe.

Mutanen Kuseri, ku nake jira. A wurinku ƙetare ai Njamena ce, gada kawai ake hayewa. In kun ji kalmar, Cadi kaɗai za ta faɗo muku a rai, ko har da mai shagon da aka haifa a Maraɗi? Ranar Alhamis zan miƙa rubutun.